Inda Iskar Rana Take Karyewa

Manomin Anka ko na Bukkuyum ya san rana da haskenta da zafinta, amma Allah Maɗaukakin Sarki ya ɗora mata wani aiki wanda ido ba ya riskarsa, wato wata iska ta ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da take hurawa ba dare ba rana, mai gudun kilomita wajen 400 a daƙiƙa guda, wadda take wuce dukan duniyoyin da ke kewaya ranar. Can nesa, inda iskar tsakanin taurari ta tare mata hanya, sai gudunta ya karye farat ɗaya, ta cunkushe, kamar yadda ruwan kwari yake tsayawa ya kumbura idan ya faɗa Gulbin Zamfara a Gummi cikin damina.

Malaman falaki sun daɗe da yin ittifaƙi cewa a wannan makaryar ce wasu ƙwayoyi suke samun ƙarfi na ban mamaki, domin maganaɗisu yana ta kai su yana komo da su ta kanta, kowace ƙetarawa kuwa da ƙarin gudun da take bari. Hujjar ta zauna daram a takarda, sai dai gani ya kori ji.

Hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbo biyu masu suna Voyager cikin 1977. Voyager 1 ya ƙetare makaryar a Disamba 2004, a nisan da ya ninka tsakaninmu da rana sau 94. Voyager 2 ya biyo baya a Agusta 2007, a ninki 84. Ƙwayoyi masu ƙaramin ƙarfi kam an tarar suna samun ƙarfi a wurin, amma masu babban ƙarfin da ake nema ba su kai ƙololuwarsu a can ba, yawansu ma sai ƙaruwa ya yi ta yi bayan an wuce. Har ila yau Voyager 2 ya tarar iskar ba ta kai zafin da aka ƙiyasta ba, saboda galibin ƙarfin ya tafi ga ƙwayoyin da suka shigo daga tsakanin taurari.

Nan take saɓani ya tashi. Wasu suka ce asalin abin yana gefunan makaryar, inda kumbo bai bi ba. Wasu suka ce yana gaba da ita. Har yau mas'alar a buɗe take.

Abin koyi ga ɗalibanmu shi ne, malaman ba su ɓoye shaidar da ta rushe zatonsu ba: sun bayyana ta ga duniya, suka koma bincike. Wannan shi ne ladabin ilmi, a zaure ko a jami'a.