Rigar jami'a, tambarin kamfani: abin da Amurkawa ke wa gardama

Ƙanina yana sayar da gwanjo a kasuwar Katangowa da ke Abule Egba, nan Legas. Wata Asabar na leƙa wurinsa, na tarar an fasa dila, yana ware riguna. Cikin abin da ya fito har da wasu guda biyu, duka shuɗɗa masu duhu, kowace da ƙaton harafin M ruwan ɗorawa a ƙirji. Ɗaya tana ɗauke da tambarin Adidas, ɗayar kuma da hoton mutumin nan da ya yi tsalle da ƙwallo a hannu, wato tambarin Jordan. Wani saurayi ya zo ya ɗaga su biyun, ya ajiye ta Adidas, ya biya kusan ninki biyu a kan ɗayar ba tare da wani dogon ciniki ba.

Bayan ya tafi ƙanin nawa ya dube ni ya ce, "Yaya, wai wannan M ɗin wace ƙungiya ce? Ni dai ban taɓa ganinta a gidan kallo ba. Kuma ya aka yi ƙungiya ɗaya take da kamfani biyu?"

Na ba shi amsa a taƙaice, amma na ga maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin rumfa. Da yawanmu a Legas, Ibadan, Aba da Fatakwal muna sayar da waɗannan riguna ko muna sa su, ba mu san labarin da ke bayansu ba.

M ɗin nan ba kulob ba ne. Jami'ar Michigan ce a Amurka. Abin da zai fara ɗaure wa mutum kai shi ne yadda wasannin ɗaliban jami'a suke da girma a can. Mu nan, in ana wasan jami'o'i, da wuya ka ji labarinsa a wajen makarantar. A Amurka kuwa filin ƙwallon Michigan yana ɗaukar mutum 107,601, kuma cika yake yi. Filin Uyo da Super Eagles ke wasa a ciki yana ɗaukar 30,000. Sai ka haɗa irinsa uku da rabi kafin ka kamo na wannan makaranta guda. Wasannin da suka fi jan jama'a biyu ne: ƙwallon kwando, da ƙwallon nan irin ta Amurka da ake sa hular kwano ana bangazar juna. Ana nuna su kai tsaye a talabijin, miliyoyin mutane na kallo. To duk inda ido ya taru haka, mai talla ba ya nisa.

Yadda cinikin yake ba shi da wuyar fahimta. Kamfanin kayan wasa zai ƙulla yarjejeniya da jami'a ta shekara goma ko sha biyar. Duk ƙungiyoyin makarantar, daga masu ƙwallo har masu ninƙaya da masu gudu, ba za su sa kayan kowa ba sai nasa: riga, wando, safa, takalmi, har hular da koci ke sawa a gefen fili. Shi kuma ya biya jami'a. Sannan ya samu damar ɗinka irin rigunan ya sayar wa magoya baya, jami'a ta karɓi kasonta. Waɗannan na magoya baya su ne suke ƙarewa a dilolinmu bayan masu su sun gaji da su.

Abin ya samo asali ne tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da wani mai suna Sonny Vaccaro ya kawo wa Nike dabarar biyan kocin ƙwallon kwando kuɗi, a ba shi takalma kyauta ya raba wa yaransa. Ka lura da wanda aka fara biya: koci. Daga baya aka koma ƙulla ciniki da jami'a ɗungurungum. Shi kansa Nike ɗan jami'a ne. Phil Knight da kocinsa na gudu a Jami'ar Oregon, Bill Bowerman, su suka kafa shi a 1964 da sunan Blue Ribbon Sports, aka sauya masa suna a 1971. Haka ma Under Armour: Kevin Plank da ya kafa shi a 1996 tsohon ɗan wasan Jami'ar Maryland ne.

Yanzu ga amsar tambayar ƙanina. Michigan ta daɗe da Nike, sai ta koma Adidas daga 2008. A 2015 aka sanar za ta sake komawa Nike daga 2016, a kan dala miliyan 169, kuma ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka ta zama ta farko da ta sa tambarin Jordan, wanda reshe ne na Nike. Ke nan riga mai Adidas ta tsakanin 2008 da 2016 ce, mai ɗan tsalle kuma ta bayan nan ce. Tambarin da ke wuyan riga yana gaya maka zamaninta.

Abin da ya ba ni dariya da na bi labarin shi ne abin da magoya bayan Michigan suka shafe shekaru suna ƙorafi a kai: launi. Launin makarantar shuɗi ne da wani rawaya da suke kira launin masara. Suka ce a zamanin Adidas rawayan ya yi haske fau, ya koma kamar alƙalamin nan da ɗalibai ke shafa wa layi a littafi. Da Nike ya dawo da mai ɗan duhu, sai ka ce an yi musu sallah. Kada mu yi musu dariya da yawa fa. Mun ga abin da ya faru a 2018 da Nike ya fitar da rigar Super Eagles ta gasar cin kofin duniya, aka yi ta layi a Landan, ta ƙare a shaguna cikin ɗan lokaci. Kuma duk mai zuwa gidan kallo ya san irin musun da ake yi in Arsenal ko Manchester United ta fitar da sabuwar jesi.

Magoya bayan can sun rabu gida biyu a kan wannan. Akwai masu ra'ayin Oregon, wadda saboda kusancinta da Nike kusan kowane wasa da sabon salo take fitowa, yau kore, gobe baƙi, jibi azurfa. Suna cewa yaro ɗan shekara 17 da jami'o'i ke zawarci, abin da idonsa ya gani shi ke jansa. Akwai kuma masu ra'ayin Alabama da Penn State, waɗanda rigarsu kusan yadda kakanni suka sa ta haka take. Penn State ma ba ta rubuta sunan ɗan wasa a bayan riga. Su a wurinsu, kamfani baƙo ne, kuma baƙo ba ya sauya wa mai gida fentin ɗaki. A 2011 Maryland ta fito da wata riga da Under Armour ya zana da launukan tutar jihar, rabi daban rabi daban har kan hular kwano. Wasu suka ce ba su taɓa ganin muni irin wannan ba. Amma kwana da kwanaki ana maganarta a faɗin ƙasar, wanda shi ne abin da kamfanin ke nema tun farko.

Ni dai a ganina wannan musun launi kumfa ce kawai. Ruwan yana ƙasa, wajen kuɗi.

A 2015 da 2016 kamfanonin sun yi ta rige-rige. Texas ta samu dala miliyan 250 daga Nike, Ohio State ta samu miliyan 252, sai Under Armour ya zo ya doke su duka da miliyan 280 ga UCLA ta Kalifoniya, kowanne na shekara 15. Magoya baya suka riƙa taƙama da waɗannan alƙaluma kamar kofi aka ci. Sai dai duk ɗan kasuwa ya san bambancin wanda ya biya ka kuɗi hannu da wanda ya biya ka da kaya. A cikin miliyan 169 na Michigan, miliyan 80.2 kaya ne, wato riguna da takalma. Kusan rabi ke nan. Kuma ba sai an gaya maka ba, abin da kamfani ke kashewa wajen ɗinka takalmi bai kai kuɗin da ake rubutawa a jikinsa ba. Sauran kuma ba a dunƙule ake ba da shi ba, rarraba shi ake yi a kan shekaru.

Sannan alƙawarin shekara 15 yana da tsawo. UCLA ta fara sa kayan Under Armour a 2017. A watan Yunin 2020, ana tsakiyar annobar korona an dakatar da wasanni, kamfanin ya ce ya janye. Jami'ar ta kai ƙara, tana cewa kamfanin ya shiga matsin kuɗi ne kawai yake neman mafita. A ƙarshe aka sasanta a 2022, Under Armour ya biya kimanin dala miliyan 67.5. Kafin nan UCLA ta koma Nike da Jordan a 2021, a kan kusan miliyan 46 na shekara shida, wanda ko kusa bai kai na baya ba. Wanda ya zo neman ciniki hannunsa a ƙasa ba ya tsawwala farashi. Saboda haka in ka ci karo da rigar UCLA mai tambarin Under Armour a dila, ta ɗan wannan taƙaitaccen zamani ce.

Duk wannan lissafi, akwai wanda ba a ambata ba: yaron da ke sanye da rigar. Shekaru da dama dokar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta hana ɗan wasa karɓar ko sisi a kan wasansa ko sunansa. Abin da yake samu shi ne karatu kyauta, abinci da wurin kwana. Ba ƙaramin abu ba ne, ban raina ba. Amma koci yana karɓar miliyoyi, jami'a tana karɓa, kamfani yana sayar da riga mai lambar yaron, shi kuma in ya karɓi kyautar kuɗi sai a dakatar da shi. Kuma bai da ikon cewa takalmin wannan kamfani yana matse masa ƙafa, na wancan yake so.

In aka toshe wa ruwa hanya, ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. A watan Satumban 2017 hukumar FBI ta kama mutane da dama, ciki har da wani babban jami'in Adidas, James Gatto, da wasu mataimakan koci. Ɗaya daga cikin zarge-zargen shi ne an shirya ba iyalan wani matashin ɗan wasa dala 100,000 domin ya zaɓi Jami'ar Louisville, wadda Adidas ke yi wa kaya. Kotu ta sami Gatto da laifi a 2018. Louisville ta sallami shahararren kocinta Rick Pitino, ko da yake ya ce bai san da maganar ba. Wannan ya nuna cewa masu cewa kamfani na da hannu wajen inda yaro zai je karatu ba shaci-faɗi suke ba.

Sai abin da ya faru ranar 20 ga Fabrairun 2019, wanda ya fi kowane dogon bayani tasiri. Duke na karawa da North Carolina, Barack Obama na zaune a gefen fili. Ba a yi minti ɗaya da farawa ba, takalmin Nike da ke ƙafar Zion Williamson, ɗan wasan da ya fi kowa tashe a shekarar, ya yage gida biyu, ya faɗi ya ji ciwo a gwiwa. Washegari hannun jarin Nike ya ɗan sauka. Tambayar da mutane suka riƙa yi ita ce: da ciwon ya gama da rayuwarsa ta wasa fa? Duke an biya ta don ya sa takalmin, shi ba a biya shi ba. Allah Ya taimake shi ya warke, ya shiga NBA, ya kuma sa hannu da Jordan a kan kuɗi masu yawa. Ba kowa ke da irin wannan sa'a ba.

Abubuwa sun sauya tun daga 1 ga Yulin 2021, lokacin da aka ba ɗaliban damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu. Caitlin Clark ta ƙulla da Nike a 2022 tana ɗaliba a Iowa. A 2025 kuma kotu ta amince da wani sulhu da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace makaranta. Wannan ya sa gardamar magoya baya ta sauya salo. Yanzu in an ji jami'a za ta sauya kamfani, bayan musun launi, sai ka ji ana tambayar nawa ne zai shiga aljihun yara. Ya kuma haifar da sabuwar matsala: ɗan wasa zai iya ƙulla da kamfanin da ba na makarantarsa ba, ya yi masa talla a waje, amma in ya shiga fili dole ya sa na makaranta.

Iyayen da 'ya'yansu ke buga ƙwallon kwando a nan Legas da burin zuwa Amurka, kamar yadda Hakeem Olajuwon ya tashi daga nan ya tafi Jami'ar Houston, su sani cewa wannan dama ba ta buɗe wa baƙi yadda ta buɗe wa 'yan ƙasa ba. Bizar karatu tana taƙaita aikin kuɗi da ɗalibi zai yi a cikin Amurka, don haka yaro ya nemi shawarar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa kafin ya sa hannu a kowace takarda, kada garin neman dala ya rasa bizar.

Kasuwar dai ba ta tsaya ba. A 2025 Auburn ta bar Under Armour ta koma Nike, aka kuma sanar cewa Tennessee da Penn State za su bar Nike su koma Adidas daga 2026. Da na gaya wa ƙanina haka, sai ya ce ke nan nan da 'yan shekaru tsofaffin rigunansu za su cika dila. Ya ɗauko rigar Michigan ɗin nan da saurayin ya bari, ya ɗaga ta a rana yana duban rawayan, ya ce shi wallahi wannan mai hasken ta fi yi masa kyau. Ya rataye ta a gaban rumfa, bai rage mata ko naira ɗaya ba.