Gargaɗi ga Masu Gidaje: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Jama'a, a saurara da kyau. Wannan kira ne ga duk wanda katangar gidansa ta tsage, da wanda soronsa ya yi yoyo a daminar bara, da wanda kwatar ƙofar gidansa ta cushe da leda da yashi, da kuma wanda ya san a kan hanyar ruwa ya yi gini. Rani ya zo ƙarshe, hadari ya fara leƙowa ta gabas, amma aikin da aka ce za a yi tun kaka har yau ba a taɓa shi ba. A tashi a fara shi cikin makon nan. Wanda ya bari har ruwa ya sauka ya ratsa ƙasa, lokacin gyara ya wuce masa, sai dai ya riƙa kwantar da iyalinsa a ƙarƙashin abin da zai iya danne su cikin dare.

Abin da nake gargaɗi a kansa mun gan shi da idonmu, ba sau ɗaya ba. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu. Ta dawo a 2022 ta ci rayuka fiye da 600, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Satumba 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Maiduguri mutane na barci, ya mamaye Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, shekara 30 bayan irin wannan ta faru a 1994. A daminar 2024 ɗin dai, sama da mutum 300 suka rasu a Jamhuriyar Nijar, da yawansu ba ruwa ne ya tafi da su ba, gini ne ya faɗo musu. Har tsohon masallacin Damagaram bai tsira ba. A ƙarshen Mayu 2025 kuwa, damina ko kankama ba ta yi ba, ruwa ya afka wa Mokwa da asuba, ya share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka ƙirga gawa fiye da 150.

Wani zai ce ai waɗannan manyan al'amura ne, na madatsa da na gwamnati, talaka ba shi da ta cewa a ciki. Akwai gaskiya a maganarsa. Sai dai akwai wata mutuwar da ba ta cika shiga labaran rediyo ba: ɗaki guda ya rufta a wani lungu, a tono uwa da 'ya'yanta, a yi jana'iza da hantsi, bayan kwana uku makoki ya watse. Irin wannan ɗakin ba ya faɗuwa ba tare da ya ba da sanarwa ba. Mutanen gidan sun ga tsagar, maƙwabta ma sun gani.

Ku tuna da Zariya. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin birnin, ginin da ya kusa shekara 200, ya rufta a kan masu sallar La'asar, aka rasa rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa kwana ɗaya kafin nan aka lura da tsaga a jikin ginin, kuma ana cikin shirin kawo injiniyoyi su duba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba laifin kowa nake nema ba. Abin da nake so ku kama shi ne, waɗanda suka riga suka fara motsi ma kwana ɗaya tal ginin ya ba su. To kai da tsagar ɗakinka ta ga damina biyu, wa ya yi maka alkawarin ta uku?

Ga yadda ginin ƙasa ke cin mutum. Indararo ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan soro, ya sami 'yar kafa ya bi, ya jiƙa azarar da gara ta riga ta cinye cikinta. A ƙasa kuma kwatar da ta cushe ta mayar da ruwa gindin katanga, ƙasar ta sha ta yi laushi. Idan an shafe bangon da siminti, simintin ya ɓoye ɓarnar, daga waje ka ga gini lafiya lau, ciki kuwa ya zama taɓo. Sai malkar Agusta ta zo, a yi kwana biyu ana zuba ruwa babu rana, nauyi ya ƙaru a sama, ƙarfi ya ƙare a ƙasa. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa ba sa barin rani ya wuce ba su yi yaɓe ba, ba su bi soro da makuba ba. Mai gidan bulo da kwano shi ma kada ya saki jiki. Guguwar farkon damina ba ta raga wa kwanon da ƙusarsa ta yi tsatsa, katakonsa ya ruɓe, kuma kwanon da iska ta yaye yana iya sare mutum a kan hanya.

To me ke hana mu farawa? Kowa ka tambaya zai ce kuɗi. Babu musu, siminti ya yi tsada, kwano ya yi tsada, abinci ma da ƙyar ake kaiwa. Amma share indararo nawa ake biya? Yashe kwatar ƙofar gida fa, ban da shebur da awa biyu me take ci? Gaskiyar magana, farawar ce ke yi mana nauyi. Mutum ya kalli katangarsa, sai aikin gaba ɗaya ya taso masa lokaci guda: neman magini, kuɗin lebura, tifar yashi, kwashe kayan ɗaki, inda yara za su kwana kafin a gama. Zuciya ta karaya tun bai ɗaga hannu ba. Sai ya ce bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce, hidimar Sallah ta shigo. Bayan Sallah sai an yi albashi, ko sai wake ya yi kuɗi a sayar. Duk lokacin da ya ɗaga aikin sai ya ji sanyi a ransa, kamar wanda ya sauke kaya daga ka, kuma wannan ɗan sanyin ne ke cutar da shi, domin gobe ma shi zai sake nema.

Akwai kuma tsoron da ba a faɗa. Magidanci na gudun kiran magini don kada a yanke masa kuɗin da ba shi da su, ya ji kunya a gaban iyali. Sai ya gwammace kada ya sani. A jawo sif a tare wurin tsagar, ko a rataya labule. Uwargida ta ce, “Malam, ɗakin yara fa ya fara zubar da ƙasa.” Ya ce, “Na gani, za a duba.” Bayan mako ta sake tuna masa, ya ɓata rai ya ce, “Ke dai kin cika gaggawa.” Daga nan ta ja bakinta ta yi shiru, ta nemi roba ta tara a inda ke ɗiga. Wallahi wannan shirun ya fi yoyon haɗari. 'Yan'uwa mata, kada ku gaji da faɗa. Idan maigida ya ƙi ji, ku kai maganar ga yayansa ko amininsa, kuma ku ɗauke shimfiɗar yara daga ɗakin tun yau.

Gidan gado ya fi kowanne shiga wannan hali. Magada goma, kowa na jiran wani ya fara, wanda ke zaune a ciki ya ce ba nasa ba ne shi kaɗai, waɗanda ke birni su ce ai ba su ke kwana a ciki ba. A haka tsohuwar da aka bari a ɗakin baya take kwana ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar azara. Kwatar layi ma haka take, ta kowa ce, don haka babu mai taɓa ta.

Wani kuma ya fake da ƙaddara, ya ce in kwana ya ƙare ko a gidan bene kake sai ka tafi. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai ja. Amma mai faɗin haka shi ne ke garƙame shagonsa da kwaɗo biyu kowane dare, bai taɓa barin sa a buɗe ya ce ya yi tawakkali ba. Malamanmu sun sha bayyana cewa riƙo da sababi ba ya warware dogaro ga Allah. Ran matarka da na 'ya'yanka amana ne a wuyanka, kuma za a tambaye ka.

Mafita ita ce ka daina cewa za ka gyara gida, domin wannan maganar ba ta da rana, ba ta da farko. Ka yanke abu guda ƙarami, ka sa masa lokaci. Gobe in an idar da sallar Asuba, kafin rana ta yi zafi, ka ɗauki tsani ka hau soro, ka share indararo, ka duba inda ya dare. Shi ke nan aikin gobe. Jibi ka kira magini ya zo ya duba kawai, ya gaya maka wane bango ne ba zai kai kaka ba, wanne ne zai iya jira. Sau da yawa abin da ka yi wata shida kana tsoro bai kai yadda ka zata ba, in ma ya kai, gara ka sani yanzu da sauran lokacin neman rance ko karɓar kwasar adashi. Ka fara da ɗakin da ake kwana, zaure ya jira. In kuɗin buhu ɗaya gare ka, sayi ɗaya ka ajiye. Ka kuma gaya wa wani wanda kake jin nauyinsa ranar da ka sa, saboda mutum ya fi saurin saɓa alkawarin da ya yi wa kansa shi kaɗai. Da zarar an ci ƙarfin rana ta farko, jiki kan saki, sauran ya zo da sauƙi.

Masu unguwanni, ku sa ranar gayya, kada ku jira umarni daga sama. Matasan majalisa, ku kawo shebur da baro. In kun yashe kwata, ku kwashe dattin ku kai juji a ranar, domin wanda aka tara a bakin kwata ruwan farko ne zai mayar da shi inda ya fito. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a gyara masan da ya cika. Ruwan da ya haɗa masai da rijiya shi ke kawo amai da gudawa, kuma ba mu manta 2021 ba, shekarar da aka samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Bauchi da Jigawa da Kano na kan gaba.

Mutanen bakin kogi, naku ya fi gaggawa. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma na bayyana yankunan da ake fargabar ambaliya, tun ruwa bai sauka ba. Ku da ke Ringim da Auyo da Haɗeja, inda kacala ke toshe hanyoyin ruwa, da ku da ke gaɓar Binuwai da kan cika idan an saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru, da mazauna bakin Neja daga Yamai har Yawuri, ku ƙarfafa jinga yanzu da ƙasa ke bushe. Ku tsayar da tudun da za ku koma da hanyar da za ku bi, ku san wanda zai ɗauki tsoho da wanda zai kora dabbobi. Takardun fili da na makaranta a ƙulle su cikin leda a ajiye a sama. Idan aka ce a tashi, a tashi a ranar.

Hukumomi ma wannan ciwon na ɗage aiki yana jikinsu. Ana yashe manyan magudanai irin Jakara ta Kano ne da rani, ana duba lafiyar madatsa ne kafin ta cika. Buhun shinkafa da tabarmar da za a raba a sansani ba za su dawo da wanda aka binne ba.

Limamai, don Allah ku sa wannan a huɗubar Juma'ar nan. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma leƙa gidan maƙwabciyarsa da mijinta ya rasu da na dattijon da ba shi da mai hawa masa soro. Kai kuma maigida, kafin ka kwanta yau, ɗauki tocila ka zagaya ɗakunan gidanka ɗaya bayan ɗaya, ka dubi sama ka dubi gindin bango. Duk ɗakin da hankalinka bai kwanta da shi ba, kada ka bar kowa ya kwana a cikinsa.