Maroƙi da Tambayar Wa Ke Ciyar da Shi

Kalmar "maroƙi" ta fito ne daga "roƙo", kuma wannan asali ya isa ya nuna yadda al'ummar Hausa ta daɗe tana ɗaukar nauyin masu fasaharta. A Madawa da Buza da Keita, makaɗi yana rayuwa ne da hannun wanda ya wasa: basarake, ko attajirin albasa, ko ɗan kokowa, ko uwar biki. In damina ta yi kyau, kyauta ta yawaita. In ta gaza, a rataye kalangu a tafi cin rani. Illar tsarin ba ta tsaya ga aljihu ba, har baki takan kama, domin wanda ke jiran riga daga ubangida ba ya faɗa masa gaskiya sai da habaici.

Ƙasar Ailan ta gwada wata hanya. A shekarar 2022 gwamnatinta ta zaɓi masu fasaha 2,000 ta hanyar ƙuri'a, tana ba kowannensu yuro 325 duk mako, wato sefa kusan 213,000, ba tare da an ɗora musu waƙar da za su yi ko littafin da za su rubuta ba. Waɗansu da ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba an riƙa bin halinsu domin kwatance. A 2025 aka sanar da cewa shirin zai zama na dindindin.

Ba a ce Nijar na da irin wannan kuɗi ba. Sai dai hanyar rabon ba baƙuwa ba ce a jihar Tawa. Lokacin yunwar 2010 an tura wa iyalai kuɗi ta wayar salula a ƙauyukan jihar, daga baya kuma shirin tallafi na gwamnati da Bankin Duniya ya riƙa ba magidanta matalauta sefa 10,000 a wata har shekara biyu. Abin da mai fasaha ya saba samu shi ne gasa, irin ta Ɗan Gurmu, wadda ke karrama waɗanda suka yi nasara kawai, sauran su koma gida.

Wahalar tana wajen tantancewa. A Ailan mai nema yana kawo shaidar aikinsa a rubuce. Zabiyar Adar da mai tatsuniyar Buza ba su da takarda, alhali a bakinsu karin harshen Adaranci yake da rai, kuma gare su ɗalibin ilimin harsuna yakan kai na'urar ɗaukar murya, sau da yawa ba tare da ya biya ko dala ba.