Noman Kabeji a Lambun Gida a Yankin Apo

Masu lambun bayan gida a Apo sukan tambayi malaman gona ko za a iya noma ƙaramin kabejin nan na Turai mai suna Burusel, wanda ke fid da 'yan ƙananan kawuna a jikin kara, kowanne kamar ƙwallon goro. Asalinsa ɗaya da kabejin da muka sani, sunansa kuma daga birnin Burusel na ƙasar Beljiyam ya samo shi. Amsar ita ce da wuya ya yi. Yana son sanyi na maki 15 zuwa 18 har tsawon wata huɗu zuwa shida. Idan zafi ya wuce maki 24 kawunan ba sa ƙulluwa, sai su buɗe su yi ɗaci. A Abuja kuwa ko da hunturu rana kan wuce maki 30, daga Fabrairu ma zafi ƙaruwa yake yi. Wannan shuka ta wurare masu tudu ce irin su Jos, can ma sai an kula.

Shawararmu ga manomin Apo ita ce ya shuka kabeji mai jure zafi, kamar Gloria F1 ko Oxylus.

A yafa iri a bedi cikin Oktoba, a yi masa rumfar ciyawa. Bayan mako 4 zuwa 5, idan ya yi ganye huɗu ko biyar, sai a dasa da yamma, a bar tazarar santimita 45 zuwa 60. A cuɗa ƙasa da takin kaji wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanye yana ƙona saiwa. Mako 2 bayan dashe a sa NPK 15:15:15, murfin kwalba ɗaya kowane gindi, a rufe da ƙasa.

Ban ruwa shi ne inda akasari ake kuskure. Idan an bar ƙasa ta bushe sannan aka malala ruwa da yawa, kan kabejin yakan tsage, kuma tsagagge ba ya kuɗi a kasuwa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kullum, da ruwan rijiya ko na burtsatse. Kada a yi amfani da ruwan kwata, balle wanda ya biyo ta garejin gyaran motoci, tunda ɗanye ake cin kabeji a salak.

A riƙa duba ƙarƙashin ganye saboda 'yar koriyar tsutsa mai huda shi. A jiƙa dakakken ƙwallon darbejiya ya kwana, a tace, a fesa duk mako. Ana yanke kabeji kwana 70 zuwa 90 bayan dashe, idan an matsa kan an ji ya yi tauri. Kada a maimaita shi a wuri ɗaya a shekara mai zuwa.