Allo Ya Yi Baƙi, Amma Kwamfuta Lafiyarta Lau

A Dawanau, garin babbar kasuwar hatsi, akawu ko ɗalibin da ya ɗora Ubuntu a kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya kunna ta, allo ya yi baƙi ƙirin. Kada ya yi gaggawar karyar da ita. Galibi laifin na direba ne, watau manhajar da ke sarrafa katin hoto na NVIDIA, domin tsarin tsaro na Secure Boot ba ya barin direba marar hatimi ya yi aiki.

Sai a tayar da na'urar da "nomodeset", a ba da umarnin "sudo ubuntu-drivers install", a yi rajistar mabuɗin MOK wajen sake kunnawa. A 2022 kamfanin ya buɗe wani sashe na direbansa, amma fa tsofaffin katuna, irin na kwamfutocin gwanjo, ba su ciki.