Filin Manoma: Yadda A Ke Kiyaye Benci Da Kujerun Tik

Kwanan baya wani mai sayar da hatsi ya tare ni a kasuwa, ya ce kafinta ya cuce shi. Wai ya biya kuɗi masu yawa an yi masa benci biyu na itacen tik, ya ajiye a ƙofar gida, ga shi ko shekara ba su yi ba sun koma fari-fari kamar toka. Har ya sayi baƙin mai a wurin makaniki zai shafe su. Na ce masa ya dakata in je in gani. Da na kankare gefen benci da wuƙa kaɗan, sai ga launin zuma ya fito, katako lafiya lau. Kafinta ba shi da laifi ko kaɗan.

Shi dai tik baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa Indiya ne da Tailan da Lawos da Bama, wadda yanzu a ke kira Miyanma, ƙasar nan da sojojinmu suka yi yaƙi a cikinta a 1944. Can ne a ka saba sa giwaye su jawo gumagumansa daga daji. A zamanin Turawa Ma'aikatar Daji ta shuka shi a Olokemeji, yamma da Ibadan, daga baya kuma a dajin Nimbiya, kudancin Jihar Kaduna, tun daga 1957. Wanda ya bi ta can ya san shi da faffaɗan ganyensa mai kaushi, wanda ya kan zube ƙaf da rani.

Abin da ya sa ya ke da tsada shi ne Allah ya halicce shi da mai a cikin jikinsa. Wannan mai shi ke hana ruwa shiga, shi ke sa gara ta ƙi shi, kusan kamar yadda ta ke ƙin ƙirya. Rana da ruwan sama su kan ƙoɗar da fatar sama kawai, wadda kaurinta bai kai na farce ba. Saboda haka furfurar nan ba ruɓa ba ce. Wanda bai damu da launi ba ya bar bencinsa haka, ba abin da zai same shi.

Amma fa a lura, 'yan kasuwa musamman. Ba dukan gungumen ne ke da man nan ba, sai jan cikin. Farin da ke gefe, kusa da ɓawo, abincin gara ne kamar kowane itace. Tik ɗin da a ka sare yana ƙarami farinsa ya fi yawa. In za ka sayi kujera, juya ta ka dubi ƙarƙashinta da ƙafafunta. In ka ga fari a ƙafa, ko dai a rage maka kuɗi, ko ka bar ta. Wadda a ka shafe da fenti ta ko'ina kuwa, a tambayi abin da a ke ɓoyewa.

Wanki sau biyu a shekara ya isa: ɗaya bayan ƙurar hunturu ta kwanta, ɗaya bayan ɗaukewar damina. Ka fara jiƙa katakon da ruwa, ka kaɗa sabulu a bokiti, ka goge da soso ko buroshi mai laushi. Ka riƙa bin tsawon katakon, kada ka gitta, don gittawa ta kan bar zane. Ka ɗauraye sarai, ka bar shi ya bushe a inuwa. Kada a yi amfani da soson ƙarfe, gama ɓarɓashinsa ya kan maƙale ya yi tsatsa, ya bar ɗige-ɗige. In damina ta sa baƙar fumfuna, a zuba ruwan bilic na wanki kaɗan cikin ruwa mai yawa a goge, a ɗauraye nan da nan. Kada a gauraya bilic da wani magani dabam, tururinsa yana da lahani. In mai shayi ko mai tsire ya ɗiga maiƙo a tebur, a wanke tun bai shige ba. Wanda ya riga ya shige sai samfefa mai laushi.

To, sai maganar shafa mai, inda mutane suka fi yin ɓarna. Baƙin mai ya kan ɓata riga, ya tara ƙura, ga wari. Man gyaɗa da man ja su kan yi yami, su jawo kiyashi da fumfuna. Man ƙyallin nan da kafintoci ke shafa wa kayan ɗaki, a waje rana ta kan fasa shi ya riƙa ɓarewa, ruwa ya kwanta a ƙarƙashi. Har wanda a ke sayarwa a gwangwani da sunan man tik, ba daga itacen tik a ke tatsarsa ba. Ya kan maido da launi na 'yan watanni, sa'an nan sai an sake, kuma wanda ya fara ya ɗaura wa kansa aiki. Ni dai ba na shafawa. Wanda ya nace, to, ya shanya tsumman da ya yi aiki da shi a buɗe, don in an dunƙule shi an jefa a lungu ya kan iya kama wuta da kansa.

Da hunturu za ka ga 'yan tsage-tsage a bakin katako. Bushewar iska ce, da yawansu su kan haɗe in damina ta sauka. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ƙafafu. Kada a bar su a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A ɗora kan dutse ko bulo ko daɓen siminti. Kada kuma a ƙunshe benci da leda da damina, gumi zai kama shi. Rumfa mai shan iska ta fi. In kujera ta fara girgiɗi, a ɗaure notinta tun ramin bai buɗe ba.

Abokina mai hatsi ya mai da baƙin mansa, ya sayi samfefa. Benci ɗaya ya goge ya dawo da launinsa, ɗayan ya ce ya gaji, ya bar shi da furfurarsa.