Karayar Da Ta Ƙi Ɗoruwa

Duk ɗan Arewa mai zuwa ganin gida daga Ikko ko Badun ta hanyar Lakwaja ya san Gwagwalada, ya kuma san irin haɗarin mota da ake yi a wannan hanya. Da yawa cikin waɗanda suka ji rauni akan kai su babban asibitin garin, wanda dā ake kira Asibitin Ƙwararru, a 2006 kuma ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja.

Yawancin karaya kan warke cikin 'yan watanni. Amma akwai wadda kan ƙi, musamman ta ƙwauri in ƙashin ya huda fata. Sai magidanci ya shekara yana dogara sanda, ba sana'a, ga iyali can gida suna jiran aike.

To, me ke sa ƙashi ya haɗu? A 1965 wani likita a Amurka, Marshall Urist, ya jiƙa ƙashi cikin ruwan asid har ya yi laushi, ya dasa shi cikin tsokar zomo. Bayan 'yan makonni sai ga sabon ƙashi ya tsiro a inda Allah bai sa ƙashi ba tun farko. Watau cikin ƙashi akwai wani sinadarin furotin mai sa jiki ya gina sabo, shi ake kira BMP. A 1988 aka sami hanyar sarrafa shi a ɗakin bincike, a 2004 kuwa hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi aiki da shi kan karayar ƙwauri mai buɗaɗɗen rauni. Akan ɗiga shi a wani abu mai kama da soso, a ɗora bisa karayar lokacin tiyata.

Sai dai fa kuɗinsa dubban daloli ne, yakan kuma jawo kumburi. Ba ya hana a sa ƙarfe, ba a kuma sa shi a raunin da ya yi mugunya. Wanda ya yi wata biyu wurin maɗori har ƙafa ta soma wari, lalle sai an fara kashe ciwon tukuna.

Abin da likitocin ƙashi suka fi dogara da shi har yanzu, a Igbobi ta Ikko ko a Dala ta Kano, shi ne su ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugun majinyacin kansa su cike giɓin. Wannan ƙashi yana ɗauke da sinadarin nan da ƙwayoyin da za su yi ginin, illarsa dai ita ce ƙugun yakan daɗe yana ciwo.